Rashin Tafinta

Hausawa suna da karin magana biyu da kan zo baki idan ana gardamar tsoho da sabo. Masu goyon bayan zamani sukan ce karen bana shi ke maganin zomon bana, masu riƙon abin da suka gada kuwa su ce da tsohuwar zuma ake magani. Kowane ɓangare da gaskiyarsa, sai dai dukansu sun ɗauka zaɓi ne ke gaban mutum, ya ɗauki wannan ya bar wancan. Akwai lokacin da dole tsoho da sabo su zauna ɗaki ɗaya su yi aiki tare, alhali ba sa jin yaren juna. Ni a cikin akwatin kwamfuta na ga irin wannan zama, kuma kwana tara na yi ina shiga tsakani.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana da ƙaramar maɗaba'a a Kano tun ƙarshen shekarun 1990. Abincin yau da kullum yana fitowa ne daga katin gayyatar biki da rasit da kalanda da takardun jarrabawar makarantun unguwa, amma abin da yake tinƙaho da shi littattafai ne. A zamanin da adabin kasuwar Kano yake tashe, marubuta maza da mata sun riƙa kawo masa rubutunsu cikin littafin makaranta mai layi-layi, shi kuma ya buga a kwamfuta, ya tsara shafuka, ya fitar a takardar tiresin a kai wa masu filet. Duk wannan aiki da manhaja ɗaya ya yi shi, wato PageMaker, wadda kamfanin Aldus ya fara fitarwa a 1985, Adobe ya gaje ta a 1994, ta yi fitowarta ta bakwai kuma ta ƙarshe a 2001. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar tasa Windows XP ce, wadda ita ma a 2001 ta fito, aka daina kula da ita a watan Afrilun 2014. Kawu bai damu da wannan ba. Muddin ya danna ta kama, shi ke nan.

Wata rana da damina aka kawo wuta da ƙarfi bayan ɗaukewar yini guda, sai ƙauri ya tashi daga ƙarƙashin tebur. Madabod ya ƙone. Allah ya taimaka faifan ajiya bai taɓu ba; na ciro shi da faffaɗar wayarsa mai kama da ɗamara, na haɗa shi da tawa kwamfutar ta wata 'yar mahaɗa, na kwashe duk abin da ke ciki. Fayilolin suna nan lafiya, kowanne da sunansa da kwanan watansa, amma babu abin da zai buɗe su yadda aka tsara su. InDesign, wadda ta maye gurbin PageMaker, sababbin fitowarta sun daina karɓar irin waɗannan fayiloli. Wata manhajar kyauta da na gwada ta buɗe su, sai dai shafukan sun fito a hargitse, babi na hawa kan babi.

Ana cikin haka wata mata ta zo daga Gusau da goyo a bayanta. Mahaifiyarta ta taɓa rubuta littafi a farkon shekarun 2000, a nan aka tsara shi, aka buga sau ɗaya. Mahaifiyar ta rasu, kwafi ɗayan da ke gida kuma gara ta cinye. Ta zaga shagunan littattafai ba ta samu ba. Buƙatarta a sake bugawa ko da kwafi hamsin ne, domin 'ya'yanta su tashi da sanin cewa kakarsu marubuciya ce. Kawu ya duba jerin fayilolin, ya ga sunan littafin, ya yi mata alkawari tun bai shawarce ni ba. Bayan ta fita ya juyo ya ce, “Ɗana, kai ne ɗan boko, sai ka fitar da ni kunya.” Na ce, “Kawu, ku ba ni mako guda.”

Kayan sabuwar kwamfutar a Titin Beirut na saye su ɗaya bayan ɗaya. Madabod ɗin da gangan na zaɓe shi, saboda yana cikin ƙalilan da suka rage da tsofaffin kafofi biyu: doguwar kafar firinta mai fil 25, wadda tsohuwar firintar Kawu ba ta san wata ba sai ita, da kuma zagayayyar kafar kibod da ake kira PS/2. Na sa faifan ajiya biyu, ɗaya siriri irin na NVMe domin sabuwar Windows, ɗaya kuma na SATA domin tsohuwa. Haɗa ƙarafa bai kai awa biyu ba. Na danna, fanka ta juya, allo ya yi haske, yaran shago suka yi tafi.

Na fara da hanya mai sauƙi. Sabuwar Windows ta hau cikin mintoci, amma firintar ta ƙi amsa mata, domin 'yar manhajar da ke sada su an rubuta ta ne don tsarin bit 32, Windows 11 kuwa a bit 64 kaɗai take zuwa. A Windows 10 mai bit 32 PageMaker ta buɗe, sai dai da an ce ta tura aiki ga firinta sai ta rufe kanta. Na gwada dabarar gina kwamfuta ta boge a cikin ta gaske a ɗora mata XP. Littattafan sun buɗe a can, amma hanyar zuwa kafar firinta ta riƙa yankewa. Maɗaba'ar da ba ta iya fitar da tiresin kuwa ba ta da bambanci da ɗakin karatu. Ya zama tilas tsohuwar manhaja ta hau kan ƙarfen kanta.

Faifan XP bai yi nisa ba. Ya ɗan yi karatu, sai allo ya koma shuɗi da wata lamba, 0x0000007B, wadda masu gyara suka sani sarai: manhajar ba ta ga faifan ajiyar da za ta sauka a kai ba. Dalili shi ne XP ta tashi a zamanin da ake magana da faifai ta tsarin IDE, madabod na yanzu kuwa da AHCI yake magana. A da akan shiga saitin madabod a ce masa ya yi kamar shi tsoho ne, amma an cire wannan zaɓi daga irin madabod ɗin da na saya. Ƙofar da XP ta bari a buɗe ita ce a danna F6 a ba ta abin da ta rasa a kan faifan fulofi. Da na gaya wa Kawu haka sai ya yi dariya, ya jawo wani kwali cike da fulofi daga saman kanta. Faifan akwai, na'urar karanta shi ce babu, kuma sabon madabod ba shi da inda za a sa ta. Nan muka yi sallama da XP, muka tsaya kan Windows 7 mai bit 32, wadda ta fito a watan Oktoban 2009, ta isa tsufan da za ta fahimci PageMaker da firintar, kuma ba ta yi nisa da sabon ƙarfe ƙwarai ba.

A nan ya kamata a bayyana abin da masu sana'ar ke kira direba, domin shi ne tushen duk wahalar. Sunan yana ruɗarwa, don ba tuƙi yake yi ba. Babbar manhaja ba ta san yadda ake magana da kowace na'ura a duniya ba. Tana faɗin buƙatarta ne da yarenta, ta ce a rubuta wannan a faifai, ko a zana wancan a allo, sai wata ƙaramar manhaja ta juya maganar zuwa yaren na'urar. Aikin tafinta ne tsantsa. Faifan ɗora Windows yana tafiya da tafintocin da aka sani a shekarar da aka buga shi. Duk na'urar da aka ƙirƙira bayan nan baƙuwa ce a gare shi, ko da tana gabansa ba zai gan ta ba.

Shinge na farko tun a bakin ƙofa yake. Na zuba Windows 7 a filashi, kwamfutar ta yi kamar ba ta ga komai ba. Tun daga kwamfutar IBM ta 1981, wata 'yar manhaja da ke zaune cikin madabod, BIOS, ita ke tada na'ura ta miƙa ta ga babbar manhaja. Yanzu UEFI ta karɓi wannan aiki, da nata ƙa'idoji, ciki har da mai gadin da ke hana duk manhajar da ba ta da sa hannun da ya amince da shi ta tashi. Windows 7 ta riga wannan mai gadi zuwa duniya, don sai a zamanin Windows 8, a 2012, ya zama ruwan dare. Na shiga saiti na sallame shi, na kunna wani sashe mai suna CSM, wanda aikinsa kwaikwayon tsohuwar BIOS ne. Sai ga tambarin Windows 7 yana haɗuwa a allo.

Murnar ba ta daɗe ba. Shafin zaɓen harshe ya bayyana, na kai hannu ga linzami, kibiya ta ƙi motsi. Na danna kibod, shiru, ko 'yar fitilarsa ta mutu. Kwamfuta tana raye tana jiran amsa, ni ina gabanta da amsar, babu hanyar isar da ita. Na sauya kafa bayan kafa, gaba da baya, duk ɗaya. Tushen abin shi ne faifan Windows 7 bai san USB 3.0 ba, sai Windows 8 ce ta zo da saninta. Shekaru da dama madabod yakan ɗauki masu kula da USB iri biyu, tsoho da sabo, don haka ba a lura da giɓin ba. Daga kayan Intel na 2015 aka bar sabon shi kaɗai, har kafofin da ke da kamannin na da ma ta hannunsa suke bi.

Maganin yana jingine a bango cikin ƙura. Tsohon kibod ɗin Kawu ne, wanda yatsunsa suka goge baƙaƙen da ke kai har wasu madannan suka koma sumul. Wayarsa mai zagayayyen kai ce, ruwan shunayya, irin tsarin da IBM ta fito da shi a 1987. Irin wannan kafa ba ta karɓar baƙo bayan an kunna wuta, don haka na kashe, na soka, na sake kunnawa. Fitila ta kama. Da madannin Tab da na Enter na riƙa tsallakawa daga akwati zuwa akwati kamar mai lalube cikin duhu. Kawu yana tsaye bayana ya ce, “Ka ga abin da ya sa ba na zubar da kaya.”

Shafi biyu gaba sai ga saƙo: an rasa direban na'urar sidi ko dibidi. Kwamfutar ba ta da irin wannan na'ura ko kaɗan. Wannan saƙo ya ci mini yini guda, kuma shi ya koya mini cewa na'ura ba ta faɗin ciwonta, tana faɗin abin da ya fi kusa da shi ne cikin kalmomin da aka koya mata. A 2009 daga faifan dibidi aka fi ɗora manhaja, saboda haka idan ta rasa inda ta fito, sunan dibidi take kira. Ainihin abin da ya faru shi ne madabod ya karanto kashin farko daga filashi ya zuba a ƙwaƙwalwa, ya miƙa ragama ya janye. Da manhajar ta waiwaya ta ɗauko sauran kayanta, sai ta tarar filashin yana kan USB ɗin da ba ta gani. Tamkar baƙon da yaro ya rako har zaure ya tafi, ya juya neman jakarsa ya rasa ƙofar da ya shigo.

Gyaran sai da na buɗe cikin faifan kansa. Akwai manyan fayiloli biyu a ciki, boot.wim wanda ke gudanar da ɗorawar, da install.wim wanda shi ne zai zauna a kwamfuta bayan an gama. Da wata manhaja mai suna DISM akan warware kowannensu kamar ƙunshi, a cusa direban USB 3.0, a sake naɗewa. Dole a yi wa duka biyun, in ba haka ba a gama ɗorawa lafiya, kwamfuta ta tashi, kibod na USB da linzami su sake mutuwa. Aikin ba ya son katsewa, don haka sai da tsakar dare na yi shi, da janareto a kunne ko da akwai wuta.

Da safe kibiya ta motsa. Manhajar ta ga faifan SATA, ba ta ga na NVMe ba, domin shi ma bayanta aka haife shi. Na bar shi haka, tunda ba ɗakinta ba ne. Ta yi ƙorafi na ƙarshe cewa an tsara faifan da GPT, alhali ita a wannan hanya MBR take buƙata, tsohon tsarin da ba ya wuce terabayit 2. Na share na sake tsarawa. Daga nan kore ya fara cika layi har ya kai ƙarshe.

Ta zauna, amma zaman haƙuri. Cikin gigabayit 8 na ƙwaƙwalwar da ke ciki, uku da ɗoriya kaɗai take iya amfani da su, don tsarin bit 32 ba ya lissafin da ya wuce 4. Hoton allo ya fito manya-manya saboda sashen hoto na furosesa ba shi da direban zamaninta, sai da na samo tsohon katin hoto wurin masu sayar da kayan da aka kwance. Wayar intanet kuwa ban sa mata ba. Tun 14 ga Janairun 2020 aka daina aiko mata da facin tsaro, kuma wanda ya tuna yadda cutar WannaCry ta bi kwamfutocin da ba a yi wa faci ba a watan Mayun 2017, har ta dagula aikin asibitoci a Ingila, ba zai bar tsohuwa irin wannan a bakin titi ba. Ban ga wanda zan ɗora wa laifi a duk wannan ba. Babu maƙerin da zai ci gaba da ƙera linzamin dokin da aka daina hawa har abada. Sai dai lissafin da ake yi a can na lokacin da ya dace a saki tsoho ba ya sanin akwai wani shago a Kano da rayuwar mutum bakwai ke rataye da firinta mai fil 25.

Ranar ta tara firintar ta yi gurnaninta da muka sani, ta turo shafin gwaji. PageMaker ta hau. Kawu ya jawo kujera, ya gyara tabarau, ya nemo littafin matar Gusau da kansa ya buɗe. Shafuka suka fito daram, lambobinsu da kan babi duk a mazauninsu. Amma da ya fara karantawa sai ya tsaya. Inda ya kamata a ga “ƙauye” an ga “qauye”, “ɗaki” ya zama “xaki”, “ɓarawo” ya zama “varawo”. Ko ƙugiya ɗaya babu a littafin.

Tun shekarun 1930 baƙaƙe masu ƙugiya suka shiga rubutun bokon Hausa, amma kibod ɗin da ya zo mana daga waje bai tanadar musu wuri ba. Masu kishi, irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu, suka ƙirƙiro zubin rubutu na musamman domin toshe wannan giɓi. Dabarar da ta yaɗu a maɗaba'u ita ce a ari madannan da Hausa ba ta amfani da su: a danna q a ga ƙ, a danna x a ga ɗ, a danna v a ga ɓ. Dabara ce da ta yi wa adabinmu hidima ƙwarai, kuma littattafai masu yawa da ita aka buga su. Sai dai ƙugiyar a riga take, ba ta shiga jikin fayil ba. A cikinsa q tana nan q. Na koma kayan da na kwaso daga tsohon faifai, na lalubo zubin rubutun a ma'ajiyarsa, na ɗora. Kawu ya rufe littafin ya sake buɗewa, ƙugiyoyi suka dawo gaba ɗaya daga shafin farko zuwa na ƙarshe. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce a kira matar a waya.

An buga mata kwafinta, ta zo ta karɓa. Ni kuwa abin da na gani a allon nan ya hana ni sakewa. Littafin mahaifiyarta yana raye ne bisa sharaɗi huɗu: fayil ya tsira, a sami manhajar da ta san shi, a sami zubin rubutun da ke sa masa ƙugiya, a sami babbar manhajar da za ta ɗauki waɗannan duka a kan ƙarfen da ake sayarwa. Ɗaya ya faɗi, littafi ya tafi, ba tare da wuta ko gara ta taɓa shi ba. Rubuce-rubucen ajami na ƙarni na 19 har yau ana karanta su, don ba sa neman komai sai ido da haske da wanda ya yi karatu. Abin da aka rubuta a kwamfuta shekara ashirin da suka wuce kuwa sai an tara masa tafintoci, kuma kullum raguwa suke yi. CSM ɗin da ya cece mu tuni aka fara fitar da madabod da babu shi.

Saboda haka na ce wa Kawu kada mu ɗauki abin da muka gina a matsayin gida, kwale-kwalen fito ne, a yi amfani da shi tun bai fara yoyo ba. Tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, ya ba kowane baƙi lambarsa ta dindindin, har da ƙ da ɗ da ɓ, ta yadda ko a wace na'ura aka buɗe su haka za su fito. Yanzu kowane littafi muna yi masa abu biyu: mu adana hoton shafukansa a PDF yadda aka tsara shi, mu kuma zare rubutun zalla mu mayar da baƙaƙen aro ga masu su. Umarni ɗaya ya isa ya juya kowace v ta koma ɓ, amma na'ura ba ta bambance Hausa da baƙuwar kalma. Duk mai karatun jaridun Hausa ya taɓa cin karo da “Ɓictoria” ko “Coɓid”, kuma daga nan suke fitowa. Don haka 'yar Kawu ta uku, wadda ke karatun Hausa a jami'a, take zama da yamma tana bin kowane shafi da ido, shi kuma yana gefe yana tuna mata wadda ta rubuta littafin da unguwar da take.

Ba maɗaba'ar Kawu kaɗai ke da irin wannan ajiya ba. A Kano da Zariya da Kaduna da Sakkwato akwai tsofaffin kwamfutoci a ƙarƙashin tebura, cikinsu cike da littattafan da aka buga sau ɗaya suka ƙare, kuma masu su ba su san a bakin rami suke ba, tunda har yanzu in an danna tana kamawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu dai kowace safiya Kawu yakan danna madannin zaɓe, sunaye biyu su fito, ya shiga tsohon ɗaki ya ɗauko littafi guda, ya kashe, ya shiga sabon ya ajiye. Muna bin su ne bisa shekarar da aka buga, mun fara da waɗanda marubutansu suka riga mu gidan gaskiya. A makon da nake wannan rubutu mun iso littattafan 2003.